Matani da Ijtihadi a Kan Tsirkiya Goma Sha Shida: Bahasi a Kan Tarihin Ƙungiyar Turtle Island

 

Mas'alar da na zo da ita gaban wannan majalisi ƙarama ce ga wanda ya hange ta daga nesa, domin ba ta wuce labarin waɗansu makaɗa huɗu na ƙasar Amurka ba, waɗanda suka haɗu a yankin San Faransisko cikin shekarar 1985, suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Turtle Island String Quartet. Amma wanda ya matso kusa zai tarar a cikinta da tsohuwar gardamar nan da ke tsakanin masu riƙo da abin da magabata suka rubuta da masu cewa kowane zamani yana da haƙƙin faɗin albarkacin bakinsa. Abin da nake nufin kafa wa hujja shi ne, darajar wannan ƙungiya ba daga waƙoƙin jaz da ta zaɓa ta fito ba, gama waɗansu sun riga ta kaɗa su. Darajarta ta fito ne daga warware wata wahala ta sana'a, wato yadda kayan gogawa huɗu za su ɗauki aikin ganga da kansu, kuma kowane ɗaya daga masu riƙe da su ya iya ƙaga kiɗa nan take, ba da duban takarda ba.

Ya kamata mu fara da sanin abin da suka gada. A al'adar kiɗan Turai akwai wani tsari na mutum huɗu wanda masana fannin suke ɗauka a matsayin ƙololuwar gwaninta: biyolin biyu, da biyola ɗaya, da celo ɗaya. Biyolin ɗan'uwan gogenmu ne ta wajen fitar da sauti, izga ce a kan tsirkiya, sai dai shi tsirkiyarsa huɗu, jikinsa katako ne, kuma a kafaɗa ake ɗora shi a danne da haɓa. Biyola ta ɗara shi girma da kaurin murya, celo kuwa zama ake yi a riƙe shi tsakanin gwiwoyi, shi ne mai muryar ƙasa. Joseph Haydn, mutumin Ostiriya wanda ya rasu a 1809, shi ya daidaita wannan tsari har ake kiransa ubansa, ya bar tsare-tsare 68 dominsa. Mozart ya sadaukar masa da guda shida a 1785 don girmamawa. Beethoven ya zo ya rubuta 16, waɗanda na ƙarshensu har yau ɗalibai suke kokawa da su. Tun daga wancan lokaci aikin waɗannan mutum huɗu shi ne su karanta abin da mawallafi ya rubuta da alamomin sauti, su fitar da shi kamar yadda ya so, ba ƙari ba ragi, gwanintarsu kuwa tana bayyana ne a cikin tsabtar sauti da jituwar hannu da zurfin fahimtar nufin marubuci.

Ga wani abin mamaki a tarihin nan. Su waɗannan magabata da ake yi wa taƙlidi, su kansu ma'abota ƙagawa nan take ne. A 1747 Bach ya je fadar Sarki Frederick na Biyu a Potsdam, sarki ya ba shi ɗan gajeren kari, ya zauna a gaban jama'a ya gina doguwar saƙa a kansa a wannan zama. Mozart da Beethoven duk sun yi suna a Biyana da irin wannan baiwa. A cikin manyan kiɗe-kiɗen zamaninsu akan bar wa gwani wani fili kusa da ƙarshe, sauran makaɗa su yi shiru, shi kuwa ya nuna abin da Allah ya hore masa. Amma Beethoven da kansa, a cikin konshatonsa na biyar na fiyano da ya rubuta a 1809, ya cike wannan fili da rubutunsa, ya umarci mai kaɗawa kada ya sa nasa. Da makarantun kiɗa suka yawaita a ƙarni na 19, bisa tafarkin wadda aka kafa a Faris a 1795, sai karatu ya koma kiyaye rubutu da gyaran hannu, har aka wayi gari mutum yana iya shekara ashirin yana goga biyolin, ya ƙware matuƙa, amma in an ɗauke takarda daga gabansa aka ce ya faɗi tasa, sai hannunsa ya tsaya.

Jaz kuwa ta wata hanya ya biyo. A birnin New Orleans ya tsiro a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, kuma ƙa'idarsa ita ce a fara da sanannen kari mai tsawon gaɓa 12 ko 32, a kaɗa shi sau ɗaya don kowa ya ji, sa'an nan makaɗa su riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ƙaga sabon zance a bisa jerin sautukan da karin ya ginu a kansu, kafin a komo ga asali a rufe. In za a kusantar da abin ga fahimtarmu, karin farko shi ne matani, abin da kowane makaɗi ya ƙaga shi ne sharhi, kuma kamar yadda mai sharhi ba ya da izinin fita daga abin da matani ya ƙunsa ko da ya tsawaita, haka makaɗin jaz yake ɗaure da adadin gaɓoɓi da jerin sautuka ko da ya yi nisa. Sai dai mai sharhin nan ba shi kaɗai yake tsaye ba. A bayansa akwai mai ganguna, da mai babban bas wanda yake tsinkar tsirkiya da yatsa a kowane bugu, da mai fiyano ko jita, waɗanda su ne ke riƙe masa lokaci, suna tunasar da shi inda aka kai. In aka cire waɗannan, mafi yawan jaz rushewa yake yi.

To, a nan wahalar take, domin tsarin Haydn ba ganga a cikinsa, ba bas, ba fiyano. Waɗanda suka gabata sun kewaye wahalar ne, ba su haura ta ba. Joe Venuti a Amurka da Stéphane Grappelli a Faransa sun tabbatar tun da wuri cewa biyolin yana iya jaz, amma ƙungiyar da Grappelli ya kafa da Django Reinhardt a Faris a 1934, ko da yake ba ta da ganga, tana da jita uku da bas masu riƙe bugu. A 1949 Charlie Parker ya yi faifai tare da masu kayan gogawa, sai dai su shimfiɗa kawai suka yi masa daga rubutu, shi kaɗai ke ƙagawa da saksofon. A 1957 Gunther Schuller ya yi lacca a Jami'ar Brandeis yana kira zuwa ga wata hanya ta uku tsakanin kiɗan Turai da jaz, kiran da ya haifar da rubuce-rubuce masu yawa, waɗansu masu kyau, waɗansu kuwa nauyin tunani ya hana su tashi. Ƙungiyar Kronos, wadda ita ma San Faransisko ce mazauninta, ta fitar da faifan waƙoƙin Thelonious Monk a 1985 da na Bill Evans a 1986, amma daga rubutu take kaɗawa, kuma sai da ta gayyato gwanayen bas irin su Ron Carter. Ba ina rage wa kowa daraja ba ne, ina nuna gurbin da ya rage ne.

Wanda ya ga gurbin shi ne David Balakrishnan, haifaffen Los Anjales a 1954, wanda mahaifinsa mutumin Indiya ne. Ya yi karatun tsara kiɗa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjales, ya ƙara digiri na biyu a Jami'ar Antioch, kuma tun kafin ƙungiyar ta samu ya riga ya fara rubuta wa mutum huɗu irin kiɗan da a lokacin da wuya a sami masu iya kaɗa shi, domin yana bukatar wanda ya iya karatun alamomi kamar ɗan makarantar Turai, ya kuma iya ƙagawa kamar ɗan jaz. Abokinsa Darol Anger ya fito ne daga ƙungiyar David Grisman, wadda a shekarun 1970 ta haɗa kiɗan karkarar Amurka da jaz. Mark Summer, mai celo, ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Cleveland, ya yi aiki shekara uku a babbar ƙungiyar makaɗa ta Winnipeg a Kanada, sa'an nan ya bar albashi tabbatacce don neman abin da ransa ke so. Ta huɗunsu a farko ita ce Laurie Moore a kan biyola. Sunan ƙungiyar sun ɗauko shi ne daga labarin waɗansu ƙabilun asali na Amurka ta Arewa, masu cewa ƙasarsu a bayan kunkuru take zaune.

Yanzu bari in dakata a kan abin da nake gani shi ne ƙashin bayan al'amarin, wato saran baka. A shekarun 1960 wani mai biyolin, Richard Greene, yana aiki a ƙungiyar Bill Monroe, uban kiɗan bulugiras na mutanen Kentucky. Wannan kiɗa ba ya amfani da ganga, mandolin ce ke sare bugu na biyu da na huɗu da gajeren amo busasshe. Greene ya gano cewa in ya sauko da bakan biyolin da ƙarfi a kan tsirkiya, ta gindinsa kusa da hannu inda nauyi yake, ya bar shi ya tsaya cak ba tare da ja ba, sai a ji wani amo mai kama da karcewa, wanda ba shi da wani sauti takamaimai; in kuma ya ɗaga bakan, izgar da ta kama tsirkiya takan sake ta da wani ɗan amo na biyu. A makarantar Turai wannan amo aibi ne, shi ne abin da malami yake shekaru yana kankare wa yaro daga hannu. Anger ya karɓi wannan fasaha daga Greene, ya faɗaɗa ta, ya rarraba ta zuwa sara mai nauyi da mai sauƙi da wanda da ƙyar ake ji, ya haɗa ta da danna tsirkiya biyu da hannun hagu don a ji jituwar sautuka a tsakanin sara da sara. Da haka biyolin ɗaya ya zama yana yin aikin ƙaramar ganga da aikin jita a lokaci guda.

Summer kuma ya yi wa celo irin wannan hidima. Yakan ajiye baka ya tsinki tsirkiya da yatsa yana tafiya da bugu kamar mai bas, yakan mari tsirkiya har ta bugi allon wuya, yakan ƙwanƙwasa jikin katakon, kuma yana iya cakuɗa waɗannan duka cikin gaɓa ɗaya. Tsarinsa mai suna Julie-O, wanda ya rubuta wa celo shi kaɗai, ya shiga hannun ɗaliban celo a ƙasashe da yawa, har waɗanda ba su taɓa jin sunan ƙungiyar ba suna kaɗa shi.

Amma sara da tsinka ba su isa ba, sai an gyara yadda ake jan bakan ma. Ɗan makarantar Turai an koya masa ya karkaɗa yatsa a kan kusan kowane sauti don ya yi zaƙi, ya kuma raba bugu gida biyu daidai wa daida. Jaz ba ya son wannan daidaito. Rabin farko yakan ɗara na biyu tsawo, nauyi kuma yakan faɗa a inda kunnen Bature na dā ba ya tsammani, kuma gwargwadon wannan bambanci ba ya rubutuwa, sai dai a ji shi a bakin malami. Saboda haka dole suka rage karkaɗa yatsa, suka koyi sauya baka a tsakiyar bugu don zancen ya gudana kamar numfashin mai busa. Abin da ya fi wannan duka wuya shi ne musayar aiki: wanda yake sharhi yanzu, da ya gama sai ya koma ganga don ɗan'uwansa ya karɓa, mai biyola da aka saba ɓoyewa a tsakiya shi ma a ba shi fili. A tsarin Turai an fi jin biyolin na farko a matsayin shugaba. A nan shugabanci zagayawa yake yi cikin waƙa ɗaya.

Faifansu na farko ya fito a 1988 a kamfanin Windham Hill, yana ɗauke da Stolen Moments na Oliver Nelson, da Milestones na Miles Davis, da A Night in Tunisia na Dizzy Gillespie, tare da tsarin Balakrishnan mai suna Balapadam, inda ake jin ƙamshin kiɗan Indiya. Kamfanin ya shahara ne da kiɗa mai sanyi na hutawa, kuma a ganina wannan ya taimake su ya kuma cuce su, domin ya kai su gidajen da jaz ba ya shiga, ya kuma sa waɗansu masu tsananin ra'ayi suka yanke musu hukunci tun ba su saurara ba. Faifai suka biyo baya: Metropolis a 1989, Skylife a 1990, da wanda suka yi da Billy Taylor mai fiyano a 1991, da wanda suka yi da babbar ƙungiyar makaɗa ta Detroit a ƙarƙashin Neeme Järvi, da Danzón a 2002 tare da Paquito D'Rivera mutumin Kuba.

Mutane kuwa sun yi ta shiga da fita. Balakrishnan kansa ya ja baya a 1993, Tracy Silverman ya zauna a kujerarsa, ya komo a 1997, shekarar da Anger ya tafi Evan Price ya shigo. Mads Tolling, ɗan ƙasar Denmak, ya zo a 2003 a kan biyola, daga baya ya koma biyolin. Wani zai ɗauki wannan a matsayin rauni, tun da shahararrun ƙungiyoyin Turai sukan yi alfahari da daɗewar mutum huɗu tare. Ni kuwa hujja nake gani a ciki, domin a 1985 samun mai biyola wanda ya iya ƙagawa babban aiki ne, amma a 2012 sun ɗauki Mateusz Smoczyński daga Folan da Benjamin von Gutzeit daga Jamus, matasa waɗanda suka taso suka tarar fasahar ta riga ta ƙetare teku. Isnadin saran baka a bayyane yake, daga Greene zuwa Anger, daga Anger zuwa ɗalibansa, musamman bayan da ya zama malami a kwalejin kiɗa ta Berklee a Boston.

Lambar Grammy ta zo musu sau biyu. Ta farko a 2006 ce, saboda faifan 4 + Four da suka yi da ƙungiyar Ying, 'yan'uwa huɗu ciki ɗaya waɗanda suka ƙware a tsantsar kiɗan Turai, inda mutum takwas suka kaɗa, a cikin sauran abubuwa, tsarin da Darius Milhaud ya rubuta a 1923 bayan ya ji jaz a unguwar Harlem. Ta biyu a 2008 ce, kuma ita ta fi cancantar bahasi, domin a kan A Love Supreme na John Coltrane aka ba su. Coltrane ya naɗi wannan aiki a ranar 9 ga Disamba 1964, tare da McCoy Tyner a fiyano, da Jimmy Garrison a bas, da Elvin Jones a ganguna. Kashi huɗu ne, an gina na farko a kan sautuka huɗu da bas yake maimaitawa, kuma mai shi ya bayyana a rubuce cewa godiya ce ga Ubangiji bisa tsamo shi da Ya yi daga halaka. Ma'abota jaz suna girmama wannan faifai ƙwarai, har ɗalibai sun rubuce abin da Coltrane ya busa nan take suna haddace shi sauti bayan sauti. Ga sharhi ya koma matani ke nan. Balakrishnan, wanda ya tsara aikin wa mutum huɗu, ya ɗauko sassa daga busar Coltrane ya rarraba wa tsirkiyoyi, ya bar filaye inda 'yan ƙungiya za su faɗi tasu. A faifan kuma akwai Naima, waƙar da Coltrane ya sa wa sunan matarsa ta fari, wadda Musulma ce.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar masu suka, domin tana da ƙarfi. Elvin Jones yana iya jera bugu uku a kan bugu biyu da hannuwa da ƙafafu a lokaci guda, ya cika ɗaki da amo har mai busa ya zama dole ya yi kururuwa don a ji shi, kuma wannan kokawa tana cikin ma'anar aikin. Saran baka, komai gwanintar mai yinsa, ba ya kai wa can. Lokaci yake riƙewa, ba ya tayar da hadari. Duk wanda ya saurari kashi na uku a faifan 1964 sa'an nan ya saurare shi a na Turtle Island zai ji an rasa wani abu na zafi. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce saboda haka aikin banza ne, domin abin da aka rasa ta wajen ƙarfi an sami madadinsa ta wajen bayyana: da yake kayan huɗu dangi ɗaya ne, muryoyinsu suna narkewa cikin juna, kunne yana iya bin kowane zare na jituwar da fiyano yakan dunƙule a bugu ɗaya. Kashi na huɗu, wanda Coltrane ya busa a hankali bisa kalmomin addu'ar da ya rubuta, ya dace da baka ƙwarai, gama baka ba ya tsayawa shan numfashi.

Akwai kuma suka ta ɗaya ɓangaren, daga ma'abota kiɗan Turai, masu cewa abin da aka ƙaga nan take ba zai taɓa kai ginin Beethoven zurfi ba. Wannan gaskiya ce da ba ta taɓa mas'alar ba, domin ba wanda ya yi da'awar haka, kuma Balakrishnan bai daina rubuta dogayen tsare-tsare ba, kamar Confetti Man na 2014. Inda nake ganin ƙungiyar ta yi rauni shi ne inda ta yawaita yawo a gonakin mutane don nuna cewa ba abin da ya gagare ta. Faifan 2010 na waƙoƙin Jimi Hendrix yana da wurare masu ban sha'awa, amma wani lokaci mai sauraro yakan ji kamar fasahar ake nuna masa, waƙar kuwa dalili ce kawai.

Rukunin Grammy da suka ci sau biyu, wanda aka keɓe wa kiɗan da ya ƙetare iyakar na Turai, an soke shi bayan 2011 a lokacin da aka rage yawan rukunai. Summer ya ajiye kujerarsa a 2015 bayan shekara talatin, Malcolm Parson ya karɓa, Balakrishnan ya rage shi kaɗai daga waɗanda suka kafa. A 2018 suka fitar da Bird's Eye View don tunawa da Charlie Parker, mutumin da a 1949 masu kayan gogawa suka yi wa shimfiɗa kawai; a wannan karo su ne masu ƙagawa a kan karinsa. Daga baya celo ya koma hannun Naseem Alatrash, Bafalasɗine wanda ya taso da sanin maƙamai na kiɗan Larabawa, masu ɗauke da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Kayan gogawa ba su da madogara a wuya, yatsa yana iya sauka ko'ina a kan tsirkiya, saboda haka waɗannan sautuka suna fita a celo kamar yadda suke fita a goge, kuma yadda za a daidaita su da jituwar jaz, wadda aka gina a kan sautuka 12 na fiyano, mas'ala ce da nake fatan masu nazarin kiɗa a wannan majalisi za su ɗauka a lokacin tambayoyi.